Ranar Da Sha'ibu Ya Cire Wa Mota Agogo

A shekarun da kuɗin man fetur suka yi ambaliya, har mai tallan goro ya fara ɗaura agogo biyu, an yi wani saurayi a Ƙanƙara ana ce da shi Sha'ibu. Da baki yana noma, da shi kaɗai ya ciyar da ƙasar Katsina. Wata huɗu ya yi a Kaduna yana ɗaga wa wani ɗan kwangila jar tuta a bakin titi, amma da ya dawo cewa ya yi shi ya zana hanyar.

Abu ɗaya ne a duniya yake kashe bakin Sha'ibu, wato Lauratu. In ta dube shi ta gefen mayafi, sai duk biranen da ya ce ya je su ɓace masa. Ita kuwa ta san rabin maganarsa iska ce, amma ta lura sauran rabin yana da daɗin ji, kuma bai taɓa zuwa zance hannu rabbana ba. Matsalar ita ce wan mahaifinta, Baba Gide, wanda ya riƙe ta tun tana ƙarama, kuma aurenta a hannunsa yake. Tsoho ne manomi mai ƙarancin magana, kuma ya riga ya aika da saƙo: "Ba ni ba da ɗiya ga baki. Ya nuna mani sana'a, in sa rana."

Sha'ibu ya ɓace mako biyu. Ran nan sai ga shi a bayan akori-kura, ya rungume wani dogon akwati da aka lulluɓe da tamfol, ga ɗan janareta a gefe. Wurin wani Balarabe, Kwara mai otal a Kaduna, ya sayo su. Aka sauke a rumfarsa ta bakin kasuwa, aka jingina bayan akwatin da zana, ya yaye tamfol.

Akwatin ya fi mutum tsawo. Yana da gilashi irin na talabijin, da sitiyari, da totur a ƙasa wajen ƙafa, ga kujera a gabansa. In ka jefa sule, sai wata 'yar farar mota ta bayyana a kan baƙin titi, kai ne direba. A can sama kuma lambobi suna raguwa daga casa'in. Da sun kai sifili akwatin ya yi ƙara, mota ta tsaya, ka tashi ka ba wani.

Kafin la'asar rabin gari ya hallara. Sha'ibu ya ƙwama baƙin tabarau, ya zauna, ya jefa sule, sannan ya juya ya fuskanci jama'a.

"Jama'ar Ƙanƙara, ku buɗe ido. Abin da za ku gani yau, ko a Kaduna mutum uku ne suka iya shi. Ɗaya Bature, ɗaya ya rasu, na ukun yana gabanku."

"Direba, lambobinka na gudu fa," in ji Maharazu tela.

"Bar su su gudu, zan kamo su. Shi tuƙi, kamar yadda na sha faɗa wa injiniyoyi…"

Sai da ya gama labarin injiniyoyi sannan ya juyo ya taka totur. Mota ta zabura ta daki shingen dama, ta dawo ta daki na hagu. Akwati ya ce ƙiiiit. Lokaci ya ƙare.

Dariya ta tashi har awakin kasuwa suka firgita. Ya sake jefa sule, ya sake dukan shinge. Ya jefa na uku, wannan karon ma gaba ɗaya baya motar ta juya.

"Sha'ibu," in ji Maharazu yana share hawaye, "wanda ya rasun nan, kai ka ɗauko shi?"

Washegari da sassafe Sha'ibu ya tsaya a kan Rabo mai gyaran rediyo.

"Malam Rabo, na gano ciwon motar nan. Agogon nan ne. Mutum bai gama gyara zama ba, a ce ya tashi? Wannan ba tarbiyyar ƙasar nan ba ce. Zo ka cire mini shi."

Rabo ya ajiye abin da yake lanƙwasawa ya dube shi. "Wanda ya ƙera ta ba mahaukaci ba ne. Mota ɗaya ce, mutane dubu. In babu agogo, wa zai ce wa wani ya tashi?"

"Hankalinsa zai gaya masa."

"Kai naka ya taɓa gaya maka ka yi shiru? Kuma ka lura, motar nan ba ta lalacewa. Ka daki shinge ta miƙe ta ci gaba. Titin ma ba shi da ƙarshe. Agogon nan shi kaɗai ne ƙarshenta."

"To ka ga alheri ke nan. A motar Sha'ibu ba a sauke fasinja a daji."

Rabo ya girgiza kai, ya bi shi. Ya ɗaga zana ya buɗe bayan akwatin, ya laluba, ya raba wasu jajayen wayoyi biyu. Lambobin suka ɓace daga gilashi.

"Ga su nan na bar maka a rataye," in ji shi. "Ranar da ka yi hankali, ja da ja za ka haɗa."

Kwana biyu Sha'ibu yana yawo yana shelar cewa ya gyara abin da Turawa suka kasa. Samari suka zo da ɗoki, sai dai ɗokin bai daɗe ba. Tunda ba abin da ke korar mutum, ba mai gaggawa. Maharazu ya tuƙa da hannu ɗaya yana shan rake, har ya fara gyangyaɗi. Masu kallo suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Amma labari ya riga ya kai wa Baba Gide cewa yaron ya kafa sana'a, sai ya aika cewa magabatansa su zo ranar kasuwa a sa rana.

Magabacin Sha'ibu kuwa Kawu Mamuda ne na Sabuwa, mutum mai zuciya a kusa. Ya sauka daga mota da hantsi, da ƙullin goro a hammata, ya nuna Sha'ibu da sanda.

"Ka ji ni da kyau. Na bar masu yankan gero a gona na taho. Motar Sabuwa na tashi bayan la'asar, kuma da ni za ta tashi. In an sa rana, to. In ba a sa ba, ka nemi wani kawun a kasuwa."

Ya wuce zauren Baba Gide ya zauna jira.

Shi kuwa Baba Gide ya ce bari ya fara biyawa ya ga sana'ar da idonsa. Sha'ibu na hango shi ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya kafa ido a ƙasa, kamar yadda ya wajaba ga mai neman aure a gaban surukinsa. Daga nan har a ɗaura aure, har ma bayan an ɗaura, ba shi da bakin da zai yi wa tsohon nan doguwar magana, balle ya dubi ƙwayar idonsa.

Tsoho ya zagaya akwatin, ya shafa sitiyari a hankali. Abin da samari ba su sani ba shi ne, yana saurayi ya taɓa bin wata babbar mota kwana tara yana koyon tuƙi, mahaifinsa ya je har Funtuwa ya kamo kunnensa ya maido shi gona. Shekara arba'in ke nan bai ƙara taɓa sitiyari ba.

"Mi ake sa mata?" ya tambayi Rabo.

"Sule, Baba."

Ya kwance bakin aljihu ya jefa. Ya tattare riga, ya zauna, ya yi bisimilla, ya ɗora ƙafa a kan totur kamar mai taka ƙwai. Mota ta fara rarrafe a tsakiyar titi, ko kusa da shinge ba ta zuwa.

"Baba, ina aka nufa?" in ji Maharazu.

"Ikko."

Sha'ibu na durƙushe ya saci kallon inda lambobin suke a da.

Mutane suka fara dawowa. Tsoho yana tuƙi yana fitar da hannu gefe in zai sha kwana, yana ɗaga wa mutanen da shi kaɗai ke ganinsu hannu. Bayan sa'a guda aka tambaye shi ina aka kai, ya ce an kusa Malumfashi. Maharazu ya ƙirga da yatsu ya sanar da jama'a cewa a wannan tafiyar, in Allah ya kiyaye hanya, za a shiga Ikko ranar Laraba.

Sha'ibu ya ja da baya da gwiwa har ya fita rumfar, ya ce wa Rabo, "Kada ka damu. Azahar na zuwa. Salla za ta tashe shi."

Aka kira salla. Baba Gide ya karkata mota gefen titi, ya ɗaga ƙafa, ya cire hularsa ya ɗora a kan kujera, ya tafi masallaci. Motar ta tsaya tana jiransa, tunda ba abin da ke ƙirga mata lokaci. Samari goma sha wani abu suka kewaye kujerar suna kallon hular kamar kububuwa. Wa zai ɗaga hular dattijo? Da aka sallame ya dawo ya mayar da abarsa, ya duba madubin da babu, ya hau titi.

"To saura mai," in ji Sha'ibu. "Janareta na gab da shanyewa. In ta mutu, ba ni na tashe shi ba."

Janareta ta fara tari. Kafin ta yi na uku, wani direban tasha ya sheƙo da galan ya ɗura mata. A lokacin fetur ya kusa fin ruwan rijiya araha.

"Haba, a bar dattijo a daji?" in ji shi. "Baba, Allah ya tsare hanya!"

Sha'ibu ya ruga wurin Goggo Hajaratu mai fura, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ba ta tsoron kowa a kasuwar. Ya roƙe ta ta je ta tuna wa tsoho cewa baƙi na zaune a zaurensa. Ta ɗauki ƙwarya ta tafi tana faɗa. Ya ba ta ɗan lokaci, sannan ya leƙa. Sai ya gan ta zaune a kan benci bayan Baba Gide, tare da wasu tsofaffi uku, ta riƙe ƙwaryarta a cinya.

"Goggo!" ya yi mata raɗa ta jikin zana. "Mi kike yi?"

"Ya ce zai sauke ni Zariya. Ban taɓa zuwa ba."

Ana cikin haka sai ga Kawu Mamuda, ya gaji da zaman zaure, sanda na gaba yana biye. Ya kutsa cikin taro yana huci.

"Malam Gide! Tun hantsi nake zaune kamar tulu, ashe kana nan kana wasan yara?"

"Sannu da zuwa, Malam Mamuda. Ka yi haƙuri, direba ba ya magana a kan kwana. In na isa sai mu zauna."

Kawu ya buɗe baki zai zazzaga masifa, sai idonsa ya faɗa kan gilashi. Ya matso. Ya ƙara matsowa.

"Kana cin hannun wasu fa. Koma dama kaɗan."

"Na gani."

"Ba ka gani ba. Kawo in karɓe ka, ko zuwa Kaduna ne, ka huta."

"Ban gaji ba."

"Ni baƙonka ne, Malam Gide."

"Baƙo a zaure yake baƙo. A mota fasinja ne."

"Fasinja? Ni? Na tuƙa tarakta a gonar gwamnati kana bin jaki!"

"To je ka nemi tarakta."

Kawu ya kama sitiyari ta gefe, Baba ya riƙe gam, mota ta daki shinge karo na farko tun safe. Fasinjojin benci suka yi salati. Goggo Hajaratu ta ce ita a sauke ta nan. Kawu ya ɗaga ƙullin goro sama ya rantse cewa gidan da ba a ba baƙo sitiyari, ba zai kai goronsa can ba.

Rabo ya dubi Sha'ibu. "Ka gani? Da agogon na nan, da tuni ya raba su ba wanda ya ji kunya. Shi kaɗai ne a garin nan zai ce wa dattijo tashi, a yi dariya a wuce."

Daga tasha aka ji ƙaho, yaran mota na kiran Sabuwa, Sabuwa, saura mutum huɗu.

Sha'ibu ya zagaya bayan rumfa ya dafa kai. Yana nan sai ya ji ƙamshin turaren da ya sani. Lauratu ce, ta fito kai wa wata maƙwabciya saƙo, ko kuma haka ta ce a gida. Ba ta dube shi ba, ta tsaya tana gyara mayafi kamar mai jiran wani.

"An ce ka fi Turawa," ta ce a hankali.

"Lauratu, ai komai na tafiya yadda na tsara."

"To madalla. Ni dai na riga na zaɓi zanen da zan ɗaura. In kuma sai baɗi ne, ka gaya mani in mayar da shi adaka kada ya dushe."

Ta wuce. Sha'ibu ya bi ta da kallo har ta sha kwana, sannan ya kama hannun Rabo.

"Malam Rabo, don girman Allah shiga ka haɗa wayar nan."

"Ni? In sauke Baba Gide a hanya? Ina da 'ya'ya a garin nan. Ja da ja na ce maka."

Ba yadda zai yi. Ya ɗaga zana, ya buɗe bayan akwati, ya cusa kai da kafaɗu, da babbar rigarsa ta ranar sa rana da komai. Ciki duhu, ga zafi, ga shi ya manta bai cire baƙin tabarau ba, duk wayoyin launi ɗaya suka zame masa. Ya kamo biyu ya haɗa. Akwati ya yi wani kuka irin na tunkiya. Ya saki, ya kamo wasu. Wuta ta fizge shi tun daga yatsa har ƙeya, ya yi tsalle gaba, kansa ya ɓalle allon ƙasa na gaban akwatin, hannunsa ya faɗa a kan totur. Amma wayoyin sun haɗu.

A kan gilashi lambobi suka bayyana daga inda suka tsaya ranar da aka raba wayoyin. Goma sha biyar. Goma sha huɗu.

"Mi ne wanga?" in ji Baba Gide.

"Lokaci ne, Baba!" Rabo ya yi ihu. "In ya kai sifili an rufe hanya!"

Tsoho ya dubi lambobin, ya dubi titi. Ya ture hannun Kawu, ya gyara hula, ya ɗaga ƙafa ya sauke ta da dukkan ƙarfin manomi a kan totur, da abin da ke kan totur.

Ƙarar da Sha'ibu ya yi, kowa ya ɗauka ta inji ce. Mota ta tashi kamar an harbo ta. Baba ya sha kwanar farko, ya sha ta biyu, gemunsa na rawa. Kawu Mamuda ya manta da fushi yana dukan kafaɗarsa yana cewa, "Hagu! Hagu! Taka ta, Gide!" Goggo ta rungume ƙwarya tana kiran sunayen Allah. Kasuwa gaba ɗaya ta ɗauki ƙirga: biyar, huɗu, uku. Masu awo suka bar mudu, mahauta suka taho da wuƙaƙe a hannu. Akwati ya ce ƙiiiit.

Wuri ya ɓarke da sowa. Baba Gide ya jingina yana haki, yana dariyar da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Wanga shi ne tuƙi!" ya ce. "Tun safe ashe jaki nake kora. Malam Mamuda, zauna ka ɗana."

Ya ɗaga ƙafa zai tashi, ya duba ƙasa. Ga kan mutum ya leƙo daga cikin akwati a tsakanin ƙafafunsa, tabarau ya karkace, gashi na hayaƙi. Suka haɗa ido, suruki da suruki, a gaban duk wanda ya ci kasuwar Ƙanƙara ran nan.

Sha'ibu ya rasa inda zai kai idonsa. Durƙusawa ba dama, ya riga ya fi durƙuso ƙasa.

"Barka da… barka da sauka, Baba," ya ce.

Maharazu ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. "Jama'a, ga na ukun! Ashe ba direba ba ne, totur ne!"

Ƙahon motar Sabuwa ya sake tashi, wannan karon tana motsi. Kawu Mamuda ya dubi kujera da takaici, ya cusa wa Baba Gide ƙullin goro a hannu, ya tattare riga ya sheƙa. Baba ya bi shi a guje har bakin titi, jama'a na biye. Kawu ya kama ƙarfen bayan mota, yaran mota suka ja shi sama.

"Ranar fa?" ya yi ihu.

"Juma'ar farko bayan an kai gero rumbu!"

"Na karɓa! Amma ni zan fara tuƙi!"

"Sai dai ka zo da sulenka!"

Mutum huɗu suka taru kafin a zaro Sha'ibu daga akwatin, rigar kuwa rabi ta fito. Daga ranar ba wanda ya ƙara kiransa da sunan yanka. Yara da manya, har liman, Totur suke ce masa.

Washegari da yamma ya je ƙofar gidansu Lauratu, hannu a naɗe da tsumma ya yi girman gwanda. Ta fito ta ajiye masa 'yar kwalbar man zafi a kan dakali, ta koma gefe ta tsaya, tana ta faman danne dariya da bakin mayafi.

"Kin san dai da gangan na sa hannun," in ji shi. "Na lura totur ɗin ya yi wa Baba tauri. Ko a Kaduna haka manyan injiniyoyi ke yi. Yanzu ma akwai wata dabara da nake tunani a kan janaretar nan…"

"Sha'ibu."

"Na'am."

"Ina sonka da hannu biyu. Daga yau har a kai gero rumbu, don Allah kada ka ƙara gyara komai."